Daga ina *up*, *off* da *into* suka samo wannan ƙarfi a Turanci?

Wata rana ina koyar da 'yan ajin ƙarshe na sakandare masu shirin jarrabawar fita, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, *give* dai bayarwa ce, *up* kuma sama. To ta yaya *give up* ya zama sallamawa? Wa aka ba, kuma me ya kai abin sama?" Ajin ya fashe da dariya. Abin da na iya ce mata a ranar shi ne ta haddace kawai, haka masu harshen suke faɗa. Wannan amsa ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin tambayar tana da amsa ta gaskiya, kuma amsar tana cikin tarihin harshen.

Duk wanda ya koyi Turanci a matsayin harshe na biyu ya san inda gizo ke saƙar. Manyan kalmomi ba sa ba da wahala sosai, ka duba ƙamus sau ɗaya ka riƙe. 'Yan ƙananan nan ne ke kayar da mutum: *in, on, at, to, of, off, up, out, down, over*. Ɗauki *put* kaɗai. *Put on* sa tufafi ne, *put off* ɗage abu zuwa wani lokaci, *put out* kashe wuta, *put up* saukar da baƙo, *put up with* kuma haƙuri da abin da ba ka so. A nahawun Larabci irin waɗanda ke zuwa gaban suna ana kiran su haruffan jarri. A Turanci kuwa kalma ɗaya takan yi aiki biyu: wani lokaci ta tsaya gaban suna ta nuna wuri, wani lokaci ta bi bayan aikatau ta juya masa ma'ana. Zan kira su duka haruffan alkibla, tunda asalin kusan dukkansu nuna inda abu yake ne, ko inda ya dosa, ko inda ya fito.

Abin da nake so in nuna shi ne, nauyin da waɗannan haruffa suke ɗauke da shi yau, a da yawancinsa a cikin jikin kalma yake. Turanci ya kwashe shi ya fito da shi waje a cikin ƙarni kaɗan. Hausa kuwa har gobe tana riƙe da nata a cikin aikatau, shi ya sa Bahaushe yake ganin tsarin Turanci kamar ba shi da kai ba shi da gindi, alhali kuwa abu ɗaya harsunan biyu suke yi ta hanya daban.

Tsohon Turanci, wanda ƙabilun Angul, Sakson da Jut suka shigo da shi Birtaniya daga arewacin Jamus da Danmak a ƙarni na 5, harshe ne mai i'irabi. Wanda ya zauna a zaure ya karanci Ajurrumiyya zai gane abin nan take: *al-baitu, al-baita, al-baiti*. Gidan ɗaya ne, wasalin ƙarshe ne ke gaya maka matsayinsa a jimla. Haka kalmar dutse take a Turancin zamanin Sarki Alfred, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899: *stan, stanes, stane*, jam'i kuma *stanas, stana, stanum*. Haruffan alkibla suna nan tun lokacin, amma ba su kaɗai ke aikin ba, raba shi suke yi da ƙarshen sunan. Idan aka ce *on þæm huse* (harafin þ shi ne *th* na yanzu), ana nufin mutum yana cikin gidan, yana zaune. Idan aka ce *on þæt hus*, ana nufin ya shiga gidan, akwai motsi. Harafin bai canza ba, i'irabin ne ya bambanta zama da tafiya. Jamusanci, ɗan'uwan Turanci na jini, bai saki wannan ba har yau: *im Haus* a cikin gida, *ins Haus* zuwa cikin gida.

Akwai ma inda ba a buƙatar harafi ko kaɗan, i'irabi ya wadatar wajen nuna inda aka nufa. Saura guda ɗaya ta rage wadda kowane ɗalibi ya taɓa tuntuɓe da ita. Ana cewa *go to school, go to the market*, amma *go home* babu *to*. Yara kan tambaya me ya sa, malamai su ce togaciya ce. Kufai ne na tsohon gini: *ham* a wancan zamani yana iya ɗaukar ma'anar "zuwa gida" shi kaɗai. Kuma wannan shi ne tsarin da Hausa take bi a kullum. Muna cewa ya tafi kasuwa, ya tafi Kano, ya koma gida, ba ma sa komai a tsakani.

Daga baya ƙarshen kalmomin nan ya soma lalacewa. Turanci yana danna gaɓar farko ta saiwar kalma da ƙarfi, saboda haka wasulan ƙarshe suka riƙa raunana har *-a*, *-u* da *-e* suka koma sauti ɗaya maras kaifi, daga nan suka faɗi. Wani abin da ya ƙara wa abin gudu shi ne zuwan mutanen Viking, mahara daga yankin Danmak da Norwe. Sun kai hari tsibirin Lindisfarne da ke arewa maso gabashin Ingila a 793, babbar rundunarsu ta sauka a 865, suka zauna a arewa da gabashin Ingila, aka yi auratayya da cinikayya. Harshensu dangin Turanci ne, saiwar kalmomi da yawa iri ɗaya ce, ƙarshen ne ya bambanta. Mutum biyu masu ciniki a irin wannan hali saiwar za su kama su bar jelar. Rubuce-rubucen da suka rage sun nuna cewa a arewa da gabas i'irabin ya fara zubewa kafin kudu. Masana suna muhawara kan wanne ya riga: ko faɗuwar i'irabi ce ta tilasta wa haruffa ƙarin aiki, ko kuwa yawan amfani da haruffa ne ya sa i'irabi ya zama ba shi da amfani. Ni a ganina kowanne ya tura ɗaya, kamar masu tura mota a gangara.

Da i'irabi ya tafi, sai aka rasa abin da zai raba zama da shiga. *Into*, wadda ta riga ta fito tun ƙarshen zamanin tsohon Turanci, ta karɓi wannan aiki: *in* ta nuna ciki, *to* ta nuna dosa. *Onto* ta makara ƙwarai, sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 ta bayyana, kuma marubutan Birtaniya sun daɗe suna ƙyamar rubuta ta a haɗe. *To* ta gaji aikin nuna wanda aka yi wa abu, wato abin da *wa* da *ma* suke yi a Hausa. *Of* kuwa ita ta fi kowa cin riba. Asalin ma'anarta "daga", rabuwa da wani wuri. Wata tsohuwar ƙididdiga da masana tarihin harshen suke yawan kafa hujja da ita ta nuna cewa kafin shekarar 1100, nuna mallaka da *of* bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, amma wajen 1300 ya wuce kashi 80. Cikin shekaru ɗari biyu ke nan, kuma a daidai lokacin da Faransanci, mai nuna mallaka da *de*, yake mulkin fada da kotu. Da *of* ta shagala da mallaka har furucinta ya raunana, sai tsohuwar ma'anar rabuwa ta zauna a kan furucin mai ƙarfi, aka riƙa rubuta shi *off*. Kalma ɗaya ce ta rabu biyu, kuma sai a ƙarni na 17 rubutun ya gama daidaita. Haka *to* da *too*, haka *through* da *thorough*.

Akwai wata asara da nake jin ta fi sauran. Turanci yana da jerin kalmomi uku-uku masu kyawun tsari: *here, hither, hence*, wato nan, zuwa nan, daga nan, *there, thither, thence*, *where, whither, whence*. A wasannin Shakespeare *come hither* magana ce ta yau da kullum. Amma tun a fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 ana ganin *from whence*, alamar kunnen mutane ya fara daina jin "daga" ɗin da ke cikin kalmar, har sai an ƙara mata wata a waje. Yau an koma *where to* da *where from*. *Hence* ta tsira, amma ta bar nuna wuri ta koma nuna dalili.

Nan ne ya kamata mai jin Hausa ya duba abin da ke hannunsa. Mu wasali ɗaya muke juyawa a ƙarshen aikatau mu nuna cewa aikin ya doso inda mai magana yake: fita da fito, shiga da shigo, sauka da sauko, aika da aiko, kai da kawo. Kusan kowane aikatau yana karɓar wannan. "Sayo mini goro" kalma uku ce, Bature sai ya ce a saya sannan a kawo. F. W. Parsons, malamin Hausa a Jami'ar Landan, ya tsara waɗannan sauye-sauye zuwa azuzuwa bakwai a 1960, kuma ɗaliban Hausa a jami'o'inmu suna karanta su har yanzu. Dubi zuba, zubo, zubar, zube. Dubi jefa, jefo, jefar. Abin da Turanci yake yi da *pour in, pour out, pour away, throw away*, shi muke yi da ɗafa-ƙeya, wato sauya ƙarshen kalma.

Su kansu haruffan, da yawansu sunaye ne da suka tsufa suka ƙanƙance. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne *down*. A tsohon Turanci *dun* tudu ne. *Of dune* na nufin "daga kan tudu". Baki ya tauna shi ya koma *adune*, sannan *adown*, sannan *down*. Kalmar da take nufin ƙasa yau, asalinta sunan tudu ce, kuma har yanzu akwai jerin tuddai a kudancin Ingila da ake kira South Downs. *Away* daga *on weg* take, a kan hanya. *Back* bayan mutum ne, gadon baya. *Beside* daga *be sidan*, a gefen jiki. *Among* daga *on gemang*, a cikin taro. *Between* tana ɗauke da saiwar "biyu". Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Kan tebur daga kai ne, cikin ɗaki daga ciki, bayan gida daga baya, bakin kogi daga baki, gindin bishiya daga gindi, gaban sarki daga gaba. Bambancin kawai namu ba su goge ba, muna jin gaɓar jikin a cikinsu, nasu kuwa sun sha hannu kamar tsohon kwabo har tambarin ya ɓace.

*With* ma ta yi wata irin ƙaura. A da ma'anarta "gāba da", kishiyantar abu. Kalmar "tare da" ita ce *mid*, 'yar'uwar *mit* ta Jamusanci. A hankali *with* ta ture *mid*, wataƙila da taimakon *við* ta mutanen Viking, har *mid* ta ɓace wajen ƙarshen ƙarni na 14, sai a *midwife*, ungozoma, wadda take tare da mai haihuwa. Tsohuwar ma'anar tana nan a *withstand* da *withhold*, kuma ita ta sa *fight with* take da harshen damo, ko ka yi faɗa da mutum ko ka taya shi faɗa. Hausa ma "da" ɗinta haka take: na yi faɗa da shi, na tafi da shi. *Till* ta yaɗu daga arewa inda Viking suka zauna, *fro* ma tasu ce, ta rage a *to and fro* kawai.

Yanzu sai tambayar yarinyar nan. Tsohon Turanci yana sauya ma'anar aikatau da ɗafa-goshi, wato ɗan ƙari a farkon kalma. *Bærnan* ƙonawa ce, *forbærnan* ƙonewa ƙurmus. *Brecan* karyawa, *tobrecan* ragargazawa. Akwai *a-, be-, for-, ge-, of-, on-, to-*. Ba a danna su wajen furuci, saboda haka ciwon da ya kashe i'irabi a ƙeya shi ya kama su a goshi. *Ge-* ta narke, sai burbushinta a farkon *enough* da *aware* da tsakiyar *handiwork*. *To-* ta mutu gaba ɗaya. *For-* da *be-* sun daskare a cikin *forget, forgive, forbid, become*, ba wanda yake jin su a matsayin ɗafi kuma.

A gefe guda akwai wasu kalmomi masu 'yancin kansu, *up, ut, forð, adun*, waɗanda ake dannawa da ƙarfi. A wancan zamani aikatau yakan tafi ƙarshen jimla, musamman a jimlar da ta dogara da wata, sai waɗannan kalmomi su tsaya dab da gabansa. Jamusanci yana nuna mana yadda abin yake: *ich gebe auf*, na sallama, amma *dass ich aufgebe*, cewa na sallama. Kuma *aufgeben* ɗin nan gaɓa da gaɓa ita ce *give up*. A ƙarni na 12 Turanci ya karkata ga tsarin aikau, aikatau, karɓau, irin wanda Hausa take bi. Aikatau ya matso gaba, harafin ya tsaya a bayansa, ya zauna ke nan. Ɗafa-goshi suna mutuwa, haruffan baya suna tashi, sai na biyun suka gaji aikin na farkon.

Muna iya ganin abin yana faruwa a rubuce. Sufayen gidan ibada na Peterborough sun ci gaba da rubuta tarihin Ingila da Turanci har 1154, bayan sauran wurare sun daina. A ƙarƙashin shekarar 1137 marubucin ya ba da labarin yadda Sarki Stephen ya kama Bishop Roger na Salisbury da Bishop Alexander na Lincoln ya tsare su *til hi iafen up here castles*, har sai da suka sallama ganuwoyinsu. Ga *give up* nan, shekaru kusan 900 da suka wuce, kuma babu wanda ya ɗaga ganuwa sama. *Up* a nan tana nuna abu ya bar hannunka ɗungurungum ya koma hannun wanda ya fi ka. Hausa ta ce miƙa wuya, ita ma da hoton jiki ta kama ma'anar.

Wannan *up* ta kammalawa ita ce mabuɗin da na so a ce na ba ɗalibata. *Eat* ci ne, *eat up* cinyewa. *Drink* sha, *drink up* shanyewa. *Buy* saya, *buy up* sayewa. *Burn up* ƙonewa, *use up* ƙarar da abu, *dry up* ƙafewa. Aji na huɗu na aikatan Hausa, mai ƙarewa da *-e*, kusan aikinsa ke nan. Yadda "sama" ta zama "ƙarewa" ba shi da wuyar hangowa: idan kana zuba hatsi a mudu, sama yake yi har ya cika, cikar nan ita ce ƙarshen awo. *Out* ma ta bi irin wannan hanya, daga fita waje zuwa bayyana, kamar *find out*, da kuma zuwa ƙarewa, kamar *run out* da *die out*. *On* ta tashi daga "a kan" ta koma ci gaba, *go on, carry on*. *Off* ta riƙe yankewa da rabuwa. Ba duka ne suke bin layi ba, *put up with* dai sai an haddace ta. Amma mafi yawansu suna da zare, kuma ɗalibin da aka nuna wa zaren ba ya mantawa.

Zuwan Normandawa, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi daga arewacin Faransa a 1066, ya kawo wani sabon hawa a kan wannan gini. Faransanci ya zama harshen sarauta da shari'a har kusan shekaru 300, sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin ƙara a kotu da Turanci. Shi kuwa Faransanci yana cusa alkibla a cikin aikatau: *entrer, sortir, monter, descendre*. Turanci ya ara, daga Faransanci da kuma Latin kai tsaye, sai ya wayi gari da kalma biyu-biyu: *go in* da *enter*, *go down* da *descend*, *give up* da *surrender*, *put off* da *postpone*, *put out* da *extinguish*. Ta gida ta zama ta kasuwa da ɗaki, ta aro ta zama ta kotu da littafi, kamar yadda malami zai ce wafati inda kowa yake cewa mutuwa. Sababbin haruffa ma sun shigo ta wannan ƙofa, irin su *during, except, despite*, sannan *via* da *per*.

Wani masanin harshe Ba'amurke, Leonard Talmy, ya yi bayani a 1985 wanda ya haska mini wannan wuri. Ya ce harsuna sun kasu wajen bayyana motsi. Wasu suna sa alkibla a cikin aikatau su bar yanayin tafiyar a waje, wasu suna sa yanayin a cikin aikatau su bar alkibla a waje. Bature zai ce *the boy ran out*. Bahaushe zai ce yaron ya fita da gudu. *She limped in*, ta shigo tana ɗingishi. *He swam across the river*, ya haye kogin da iyo. Jimlar a kife take, abin da yake aikatau a wurinmu shi ne ƙaramin harafi a wurinsu. Wannan ne ya sa ɗalibanmu suke jin daɗin *enter* da *descend* fiye da *walk in* da *climb down*, domin sun yi daidai da shiga da sauka. Sai Turancinsu ya fito da nauyi, kamar takardar koke, ko da hira suke yi.

Su ma masu harshen akwai lokacin da suka raina wannan gado nasu. A 1672 mawaƙi John Dryden ya soki marubucin wasan kwaikwayo Ben Jonson saboda ya ƙare wani baiti da harafi: *the bodies that those souls were frighted from*. Dryden ya faɗa da kansa cewa idan ya yi shakkar jimlarsa yakan mayar da ita Latin ya gani, kuma a Latin harafi ba ya zama a ƙarshe, sunansa ma a harshen yana nufin "abin da aka ajiye a gaba". Har ya koma kan wani littafinsa na 1668 ya gyara irin waɗannan jimloli a bugun 1684. Robert Lowth, wanda daga baya ya zama bishop na Landan, ya fi shi sassauci a nahawunsa na 1762. Ya yarda cewa harshen yana da ƙarfin karkata ga wannan salo kuma ya dace da hira, sai dai ya ce sa harafin a gaba ya fi kyau a rubutu mai nauyi. Littattafan makaranta da suka biyo baya suka ɗauki shawara suka mai da ita doka, dokar ta bi jiragen mulkin mallaka ta iso azuzuwanmu. Ba ta da tushe a tarihin harshen. Tun a tsohon Turanci ana barin harafi a baya a wasu jimloli, kuma daga ƙarni na 13 abin ya faɗaɗa har aka sami irin *he was laughed at*, wadda ba yadda za ka yi ka mayar da *at* gaba.

A nan Hausa tana da tata hanya. Ba ma barin "da" a rataye, sai mun kawo wakilin suna ya tare ta: mutumin da na yi magana da shi, wuƙar da na yanka da ita. Shi ya sa yaro zai rubuta *the man I spoke with him*. Nahawun gidansu ya ɗauko, kuma malamin da ya san haka zai gyara shi cikin minti biyu maimakon ya ja jan layi ya wuce.

Samuel Johnson ya fi su duka ganin gaskiyar lamarin. A gabatarwar ƙamusunsa na 1755 ya ce akwai wani irin haɗi da ya fi yawa a Turanci wataƙila fiye da kowane harshe, kuma shi ne ya fi wahalar da baƙi, wato sauya ma'anar aikatau da ɗan harafi a bayansa. Ya jero misalai irin su *come off, fall on, break off, bear out, give over*. Sunan da ake kiran su da shi yanzu, *phrasal verb*, bai yaɗu ba sai a 1925 ta hannun Logan Pearsall Smith. Abin da ya kai shekara ɗari takwas yana aiki a bakin mutane, bai sami suna a littafi ba sai jiya-jiya.

Kuma ginin bai tsaya ba. Ana iya karanta tarihin a cikin sunaye. Tsohon tsari, harafi a gaba, ya bar *income, outcome, outbreak, downfall*. Sabon tsari, harafi a baya, ya haifi *breakdown, takeoff, handout*, da *lockdown* da duniya ta haddace a 2020. Wani lokaci duka biyun suna raye da ma'ana daban: *overtake* wuce mota, *take over* karɓe ragama, *upset* ɓata rai, *set up* kafawa. Zamanin kwamfuta ya zo da *log in* da *back up*, ya kuma farfaɗo da tsohon tsari a *download* da *upload*.

Ba zan ce tarihi yana warware komai ba. Hausa tana da "a" guda ɗaya, a Kano, a tebur, a ranar Juma'a, inda Turanci ya raba *in, on, at*, kuma rabon ba koyaushe yake da dalili ba. A Turancin Sarki Alfred *on* tana yin yawancin aikin *in*. Yau ɗan Landan yana cewa *at the weekend*, ɗan Amurka *on the weekend*. Irin waɗannan sai kunne da yawan karatu. Amma akwai gwaji ɗaya mai sauƙi da ke raba harafin gaban suna da na bayan aikatau, kuma jarrabawar WAEC da JAMB suna son wannan wuri. *Turn off the light* ana iya juya ta *turn the light off*, kuma da wakilin suna dole a ce *turn it off*. *Turn off the road*, kauce daga hanya, ba ta juyuwa, domin *off* ɗin ta hanya ce, ba ta aikatau ba. Wannan 'yancin motsi na harafin farko gado ne daga lokacin da yake kalma mai zaman kanta da ake dannawa.

A Najeriya harshen yana ci gaba da wannan tafiya a bakinmu. A Turancin buroka *come out* ya dunƙule ya zama *komot*, *sit down* ya zama *sidon*, harafin ya shige cikin jikin kalma, har ana cewa *komot am*, fitar da shi. Muna cewa *off the light* da *on the fan*, mun mai da harafin aikatau, abin da Turawa da kansu suke yi a *up the price* da *down tools*. Muna cewa *discuss about* da *request for*, muna auna su da *talk about* da *ask for*, irin aunawar da ta haifi *from whence*. Mai duba takardar jarrabawa zai ja wa waɗannan layi, saboda haka ina gaya wa ɗalibaina su rubuta *switch off* da *discuss* kawai. Amma yanzu kafin in ba su jerin da za su haddace, nakan rubuta ci da cinye, sha da shanye, fita da fito, jefa da jefar a gefe ɗaya na allo, in bar ɗaya gefen fili, in ce su cike shi da kansu.